Ciyawa Yatsa Huɗu

Litinin, 16 ga Yuni, bayan la'asar

An hana mu rubuta komai na ofis a gida, ni kuwa in ban rubuta ba kaina zai fashe. To zan rubuta, amma ba zan kama sunan ofis ba, ba kuma zan faɗi duk abin da saƙon ya ƙunsa ba. Wanda ya tsinci littafin nan ya yi haƙuri da abin da ya samu.

Saƙon ya zo daga sama da safe. Malam Ilu, shugaban sashenmu, ya karanta shi a tsaye, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce kowa ya manta da hutu sai yadda hali ya yi. Iyakar abin da zan ce: akwai wasu kaya da ake jin za a shigo da su ta iyaka, tsakanin Maigatari da Sule Tankarkar, kafin damina ta yi nisa, kuma akwai waɗanda za su tarbe su a daji. Aikinmu mu gano mutanen.

Shekara shida ke nan ina wannan aiki a Gumel, a gidan da ba shi da allo a ƙofa. Maƙwabta sun ɗauka ƙididdigar amfanin gona muke yi. Iya, can Gagarawa, in an tambaye ta sai ta ce 'yarta tana buga takardun gwamnati. Ban taɓa gyara mata ba. Ni mai nazarin bayanan tsaro ce, kuma ba cika baki ba, a ɗakin nan babu wanda ya kama ƙafata.

Lokacin da na fara, rahoto goma sha biyu ne a rana, rubutun hannu, wani ma da manja a jikinsa. Yanzu abin da ke shigo mana daga safe zuwa azahar ya fi dubu arba'in: motsin layukan waya, lambobin motoci a shinge, hotuna, surutun zaurukan waya. Ba ɗan Adam ɗin da zai karanta wannan. Shi ya sa bara aka kawo mana na'ura, aka haɗo mu da Abdulmuhaimin mai kula da ita. Ni na raɗa mata suna Magulmaciya, don ba ta ganin mutum biyu sun tsaya sai ta kai rahoto. Sunan ya bi ta, har Malam Ilu yakan faɗa in ya manta.

Laraba, 18 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Baƙi sun iso jiya, mota uku ba lamba. Ba su da yawan gaisuwa. Babbansu yana zama a kujerar Malam Ilu, shi kuma Malam Ilu ya koma benci kamar wanda ya zo neman aiki.

Yau Magulmaciya ta haihu. Abdulmuhaimin ya tara mu, ya sa sabuwar hula, ya nuna mana layukan waya goma sha huɗu. Dukkansu suna kwana wuri ɗaya, a daji, arewa da Sule Tankarkar. Biyu daga ciki, duk bayan kwana uku, sai su hau babur su nufi iyaka. Suna tsayawa a wurare huɗu, kullum wuraren nan dai, minti biyar biyar. In sun kai iyaka layin ya mutu, sai bayan awa shida ya dawo. In sun koma gida kuma, duk sha huɗun su taru a wuri guda kamar awa ɗaya.

"Leƙen wuri ne kafin aiki," in ji shi. "A littafi ma haka aka rubuta shi."

Na ce, "Injiniya, wa ke zaune a bakin iyakar nan ba shi da layi biyu? Mai gidan hayarmu ma in za ta Dungas biki sai ta cire na nan ta sa na Nijar. Ita ma mu sa ta a jerin?"

Ya ce, "Malama Tayyiba, mai gidan hayarku tana tsayawa gindin turken sadarwa sau goma a wata?"

Ya yi gaskiya. Ba na son Abdulmuhaimin ya yi gaskiya, yana daɗewa bai sauko ba.

Alhamis, 19 ga Yuni, magariba

Kasuwar Maigatari. Bayanai dubu saba'in da ɗoriya. Idona kamar an zuba barkono.

Juma'a, 20 ga Yuni, bayan sallah

Wani daga cikin masu ba mu labari ya turo hotuna talatin da ɗaya, daga wani zauren waya da mutanen nan suke ciki. Magulmaciya ta yi musu yadda ta saba: ta yanke abin da take ganin shi ne muhimmi, ta zagaye shi da jan layi, ta zubar da sauran. Ga turken sadarwa. Ga kwalbati. Ga tankin burtsatse. Ga shingen duwan, wato kwastan na can ƙetare, daga nesa. Wurare huɗu, an ɗauke su sau da yawa. Babban baƙo ya kalla ya gyaɗa kai, ya fita yana waya.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Duk hotunan daga ƙasa aka ɗauke su, kamar mai ɗaukar a durƙushe yake. Wane mai leƙen asiri ne zai durƙusa a fili, rana tsaka, gaban shingen duwan? Da kowa ya tafi masallaci sai na buɗe na asali, waɗanda ba a yanke ba.

Turken yana can sama, ƙarami, a karkace ma. Rabin hoton na ƙasa, wanda na'ura ta zubar, ciyawa ce. Sabuwar ciyawa, da hannun mutum an kafa shi a gefe a kan ƙasa, yatsu a jere, ciyawar tana jingine da su. A hotunan farko ba ta rufe yatsa ɗaya ba. A na ƙarshe ta kai biyu da rabi.

Ni 'yar ruga ce. A ruga aka haife ni, sai da na shekara tara aka kai ni makaranta. Na san wannan tun kafin in san baƙi. Garso ne, wato wanda ake turawa gaba ya dubo ciyawa da ruwa kafin a tashi da shanu zuwa arewa. A da yakan dawo da ciyawar a aljihu ya zube gaban dattawa. Yanzu hoto yake ɗauka, kuma dole ya sa wata alama a baya, turke ko tanki, don dattawa su yarda ya je wurin, ba a bayan gari ya tsaya ba.

Na ji daɗi ƙwarai. Na ce yau zan kunyata Injiniya da sabuwar hularsa. Sai na ƙara girman hoton.

Hannun hagu ne. Gefen ƙaramin yatsa akwai wani ɗan guntu na shida.

Shi ya koya mini tatsa.

Asabar, 21 ga Yuni, hantsi

Baffa Cindo ƙanen mahaifina ne. Tun da Baba ya rasu, shekara goma sha ɗaya, shanun da ya bar mini suna hannunsa. Ba ya kiran sunana, 'yar Hamma yake ce mini, wato 'yar yayansa. Lambarsa ce ta uku a jerin. Na kalle ta ranar Laraba ban gane ta ba, don wa yake haddace lamba yanzu.

Sau uku na ɗauki waya na kai kan sunansa. In na kira, Magulmaciya za ta rubuta ni ta goma sha biyar, kuma duk abin da na faɗa daga baya ya zama maganar mai kare danginta. Ba ma wannan kaɗai ba. Na yi rantsuwa ranar da na kama aiki, kuma ban yi ta da wasa ba.

Na san yadda ake yi in an shiga ruga da asuba da bindigogi. Karnuka su yi haushi, maza su fito da sanda da takobi suna zaton ɓarayin shanu ne. Na karanta rahoton wani wuri a bara, shafi biyu ne kacal. Ba zan rubuta sauran ba. Gida tara ne a rugar Baffa.

Lahadi, 22 ga Yuni, la'asar

Ban kira ba.

Litinin, 23 ga Yuni, bayan magariba

Ƙarfe bakwai na samu Malam Ilu shi kaɗai yana shan koko. Na ajiye masa hoton, na faɗa masa duka, har da na yatsa. Ya ture kofin gefe.

"Kin kira shi?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Kin san zan duba."

"Na sani. A duba."

Ya duba. Sannan ya ce in shirya, ƙarfe goma zan yi wa baƙi bayani, kuma in fara da zumuncin, kada su ji a bakin wani.

Na tsaya gaban maza goma sha ɗaya. Na ce na uku a jerin nan baffana ne, ku riƙe wannan a ranku, sannan ku kalli abin da zan nuna muku. Na jera hotunan bisa kwanan wata, cikakku. Na ce na'ura ta kalli saman hoto, mu kalli ƙasansa. Tunkiya da akuya suna cin ciyawa da leɓe da haƙori, ko gajeriya ce. Saniya da harshe take naɗe ta ta fizge, in ba ta kai yatsa huɗu ba ba ta kamuwa. Wuraren nan huɗu masauki ne a hanyar shanu, kowanne tafiyar rabin yini. Taron awa ɗaya kuwa dattawa ne suke miƙa wa juna waya suna gardama a kan ciyawa.

Muryata ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya, ina so in rubuta wannan don kada in manta.

Babban baƙo ya ce, "Labari mai daɗi. Mai son ɓoye aikinsa ma zai iya sa hannu a ciyawa."

Na ce, "Gaskiya ne, yallaɓai. To kada ku yarda da ni, ku gwada ni. Ciyawar tana biyu da rabi. In aka samu ruwa mai kyau sau ɗaya, cikin kwana biyar za ta kai huɗu. Ranar za ku ga layukan nan duka sun tashi, a hankali, tafiyar saniya, da mata da yara, su bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya. Masu jiran kaya ba sa tafiya su bar wurin karɓa."

"In ba su tashi ba fa?"

"To na yi kuskure."

Ya ce shirinsu jibi ne, amma zai ɗaga zuwa Laraba ta sama, biyu ga wata, faɗuwar rana. In suna nan, Alhamis da asuba za a shiga. Sharaɗi: in ba da wayata, kada in fita daga Gumel, kada in aika kowa. Na ciro ta na ajiye a tebur tun bai rufe baki ba. Malam Ilu ya sa ta a aljihun teburinsa ya kulle.

A bakin ƙofa Abdulmuhaimin ya ce, "Da kin faɗa mini tun Juma'a." Fuskarsa duk ta faɗa. Na ce, "Da ka sa sabuwar hula a banza ke nan?" Bai yi dariya ba. Ban kyauta ba, amma na ji daɗi.

Talata, 24 ga Yuni, la'asar

Sama fes. Ko gajimare ɗaya.

Laraba, 25 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Hadari ya haɗo daga gabas bayan azahar, ya sauke kamar da bakin ƙwarya. Masu keke napep duk sun fake a gidan mai. Na tambayi waɗanda suka shigo daga Maigatari, sun ce can ma har ya fi, kuma ya wuce arewa. Na fita tsakar gida na tsaya a ciki da kayan aikina. Mai gidan haya ta leƙo ta ce, "Tayyiba, lafiya?" Na ce lafiya lau.

Kwana biyar daga yau Litinin ke nan. Ina da rarar kwana biyu. Na san aikina.

Alhamis, 26 ga Yuni, bayan la'asar

An cire ni daga kan jerin, an ba ni takardun manyan motocin da ke bi ta Maigatari, waɗanda ba wanda ya duba tun da idon kowa ya koma daji. Na ga wani abu a ciki da bai yi mini ba, na rubuta rabin shafi na miƙa. Ba a gaya mini abin da aka yi da shi ba, kuma ba za a gaya mini ba. Haka aikin yake.

Abdulmuhaimin ya jawo kujera kusa da ni, ya daɗe yana gyaran murya. Wai yana so ya koya wa na'ura ta daina zubar da ƙasan hoto, amma bai san me zai ce ta nema ba. Na ce ta nemi hannu, ta nemi sanda a kafe, ta nemi kashin shanu, sabo ne ko busasshe. Yana rubutawa kamar ɗalibi. Ya ce shi a cikin birni ya tashi, bai taɓa sanin saniya ba ta da haƙoran gaba na sama ba. Na ce ai shi ya sa gwamnati take biyan mu biyu.

A gaskiya yaron kirki ne, kuma na'urarsa ba ta yi ƙarya ba. Duk abin da ta faɗa ya faru. Cikin dubu arba'in ta tsamo mutum sha huɗu masu yin abu iri ɗaya, ni da zan shekara ban gan su ba. Ma'anar abin ce ba ta sani ba, ita kuwa ma'ana sai wanda ya taɓa kwana a wurin.

Asabar, 28 ga Yuni, hantsi

Sabon hoto ya shigo. An bar ni na gani daga nesa. Uku da rabi.

Lahadi, 29 ga Yuni, la'asar

Huɗu cif. Ruga biyu na maƙwabtansu sun tashi da safe, Abdulmuhaimin ya zo da gudu ya gaya mini. Na ce gobe sai namu. Na sayi tsire na raba wa masu gadi.

Litinin, 30 ga Yuni, magariba

Ba su tashi ba.

Talata, 1 ga Yuli, ƙarfe shida na safe

Ba su tashi ba. Duk rugagen yankin sun tafi, saura su kaɗai. Jiya babban baƙo ya wuce ni a baranda ya ce, "Kin ga, Malama, kowa ya bi ciyawa sai mutanenki. Me suke jira?"

Na sake bin lissafina daga farko. Ruwa daidai. Ciyawa daidai. Gonaki sun tsiro sun kewaye su, kowane yini da suka ƙara shanu na ramewa, manoma na ƙorafi. Ba makiyayin da zai zauna haka sai da dalili. Jiya, a karon farko, na tambayi kaina ko baƙon ne ke da gaskiya. Shekara nawa rabona da in kwana a rugar? Me na sani game da samarin da suka taso bayana? Na ji kunyar tunanin, amma na yi shi, don aikina ne in yi shi.

An kawo ƙarin mota biyu.

Talata, bayan azahar

Na dawo cin abinci na tarar da Iya zaune a ƙofar ɗakina, da ƙullin kayanta a cinya. Daga Gagarawa ta hau mota ita kaɗai, ita da ba ta zuwa ko'ina. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ni ce ta fari, ba ta kama sunana.

"Ke, wayarki ta faɗa rijiya ne?"

"Tana wurin gyara, Iya."

"Kwana takwas? Baffanki ya kira ki har ya gaji, ya koma kirana. Kayansu a ɗaure tun Lahadi. Jiya sun yanka tsohuwar saniyar nan ta ubanki, ta kasa tashi."

Na ce, "To me ya hana su tafiya?"

Ta kalle ni kamar ba ita ta haife ni ba. "Ke ce za ki tambaya? Shekara goma sha ɗaya, ya taɓa ƙetare iyaka da shanun marainiya ba ta gan su ta ce a tafi ba? Tun shekarar farko da aka yi masa surutu wai zai kai su Nijar ya sayar, ya rantse. Ko ta waya ce, sai ya ji bakinki."

Na zauna a ƙasa.

Duk shekara yakan kira ni ya ce, 'yar Hamma, ba za ki zo ki sha nono ba? In je, ya zagaya da ni cikin shanu, ya ce ga ta wance ta haihu, ga wannan ta yi ƙiba. In ce Allah ya kiyaye hanya, in hau babur in dawo. Shekara biyu da aiki ya riƙe ni, ta waya muka yi. Na ɗauka ziyara ce. Ban taɓa lura cewa washegari suke tashi ba, ko sau ɗaya.

Na tsaya gaban maza sha ɗaya na koya musu harshen saniya. Na lissafa ruwa, na lissafa ciyawa, na manta da kaina. Ni suke jira, wayata kuwa tana kulle a tebur.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Na faɗa wa Malam Ilu. Ya buɗe aljihun teburin, ya kunna wayar a gaban babban baƙo. Kira ashirin da uku, lamba ɗaya.

Baƙon ya ce wannan ai ya fi kama da alama tsakanin mutum biyu. Malam Ilu, wanda kwana goma sha huɗu yana kan benci bai ce uffan ba, ya miƙe. Ya ce, "Yallaɓai, yarinyar nan ta kawo kanta da kanta, ta ba da wayarta da hannunta. In alama take son bayarwa, tana da kwana uku kafin ta zo wurina. Ni na ɗauke ta aiki. A rubuta sunana a kan wannan."

Ba a yarda da waya ba, wai ba a san me wata kalma za ta nufa ba. An yarda in je gobe da safe, da shaida. Abdulmuhaimin ya ce shi zai je. Minti talatin. Ba zan keɓe da kowa ba. Kuma tunda shaidan ba ya jin Fillanci, Hausa kaɗai zan yi, daga sallama har sallama.

Ban taɓa yi wa Baffa Hausa ba tun da aka haife ni.

Laraba, 2 ga Yuli, bayan la'asar

Mota ta kai mu Sule Tankarkar, daga nan babura biyu. Mun isa da hantsi. An kwance bukkoki, jakuna a tsaye da kaya, mata zaune kan ƙullinsu. Shanun sun zube, ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

Baffa ya fito daga cikinsu. Da ya gan ni fuskarsa ta saki, ya fara gaishe ni da Fillanci, doguwar gaisuwar nan tamu, yana tambayar ko ciwo na yi.

Na durƙusa na ce, "Ina kwana, Baffa. Mun same ku lafiya?"

Ya tsaya. Ya sake magana da Fillanci, a hankali, ko ban ji ba. Na sake amsawa da Hausa. Matan suka daina motsi. Ya kalli Abdulmuhaimin da takalminsa mai sheƙi, ya kalli jakata, ya kalle ni. Na ga lokacin da ya yanke hukunci.

"Lafiya lau, Malama," ya ce da Hausa. "Sannunku da zuwa. Mun ɗauke ku daga aiki."

Ya sa aka kawo wa baƙo nono a sabuwar ƙwarya. Ya wuce gaba na bi shi cikin shanu, Abdulmuhaimin yana bayana taku biyu. Bai ba ni labarin kowacce ba. Da sanda kawai yake nunawa. Da muka kai ƙarshe ya nuna wata fata a shanye kan ƙaya.

"Wannan ma taki ce. Ta jira iyakar iyawarta."

Maganar tana bakina, da yarenmu, jimla ɗaya ce. Na haɗiye ta.

"Kin gan su?"

"Na gani, Baffa."

"A tafi?"

"A tafi. Allah ya kiyaye hanya."

Ya juya ya yi kira ɗaya, shanun suka ɗaga kai. Kafin mu kai wurin babura sahun farko ya kama hanya. Bai waiwayo ba.

Ni da Abdulmuhaimin muka hau mota muka kamo hanyar Gumel. Can ya ce, "Malama, in an gama komai, ni zan iya zuwa in yi masa bayani." Na ce ba za ka iya ba, ni ma ba zan iya ba, ka san takardar da muka sa wa hannu. Ya ce ya sani.

Alhamis, 3 ga Yuli, magariba

An bar ni na shiga ɗakin. Layuka sha huɗu a allon, a jere, suna tafiyar saniya. Jiya sun wuce turken, sun kwana a kwalbati. Yau sun yi sammako, sun haɗa zango biyu don yunwa. Wajen la'asar suka kai iyaka, suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana sa layinsa na Nijar. Na uku ne ya mutu a ƙarshe, shi yake bin bayan garke.

Ba wanda ya shiga ko'ina da asuba. Baƙi sun kwashe motocinsu sun nufi wajen Maigatari, ban tambayi dalili ba. Babbansu ya tsaya a teburina zai fita, ya ce, "Malama Tayyiba," ya ɗan sunkuyar da kai, ya wuce. Malam Ilu ya koma kujerarsa, ya miƙo mini wayata, ya ce daga yau duk abin da na'ura ta fitar sai ya bi ta hannuna kafin ya hau sama.

Na fito baranda na kira lambar Baffa ta Nijar. Ta shiga. Ta yi ƙara sau uku, ya katse. Na sake kira, ya sake katsewa.

Na zauna a kan matakala ina dariya ina share hawaye, mai gadi yana kallona. Baffa yana can bayan shanunsa, da ransa da lafiyarsa, da gida tara a gabansa ba wanda ya yi ko ƙwarzane, yana fushi da 'yar Hamma da ta zama 'yar birni. Ni na yi wannan aikin, kuma ba zai taɓa sani ba.